Bujin da Na Sayo a Dogon Dutsi

Garinmu Kore Mairuwa ne, amma kada sunan ya ruɗe ka. Ruwanmu na rijiya ne da na tafkin damina, wanda ko jaki ya shiga da ƙyar yake kai masa ciki. Jirgin ruwa kuwa yawancin mutanen garin ba su taɓa sa shi a ido ba a lokacin. A irin wannan gari ne mijina ya sauko daga motar gyaɗa wata shekara tun kafin zafin bazara ya kankama, da injin jirgi naɗe cikin buhuna, aka aza wa jaki aka kawo mini shi har tsakar gida.

Zamanin Nasara ne, bayan an daina kama mutane aikin dole, hanya ta buɗe kowa yana neman na kansa. Mijina ɗan cin rani ne tun kafin a ɗaura mana aure. Da an gama ɗaurin gero an zuba a rumbu sai ya nufi Gaya, bakin kogi, inda yake fiton mutane da kaya. Da farko tuƙi yake yi wa wasu da gora, har Allah ya haɗa shi da wani tsohon inji da wani Bature ɗan kasuwa ya gama cin moriyarsa ya bari da zai koma ƙasarsu. Ba na ganin mijina sai hadari ya fara haɗowa. Ƴaƴa biyu na haifa masa, dukansu da rani, bai ga sunan ko ɗaya ba. Babbar, in ya dawo, bayan zanena take ɓuya tana leƙensa kamar mai karɓar haraji.

A waccan shekarar katakon jirginsa ya ruɓe. Ya bar wa masassaƙa aikin sabo, suka ce sai bayan kaka. Injin kuwa ya ce ko uwa ɗaya uba ɗaya suke da mutum ba ya bar masa ajiyarsa. Shi ya sa ya zo da wuri, ya kuma daɗe a gida yadda bai taɓa daɗewa ba. Ya gyara danga, ya sake wa rumbu jinka, yarinyar ta saki jiki da shi har tana barci bisa ƙafafunsa. Ni kuwa a shekarar na san yadda gida mai namiji a ciki yake, na kuma ji ba na son in koma yadda nake a da. Ban faɗa masa ba. A wurinmu mace ko sunan mijinta ba ta kamawa, balle ta buɗe baki ta ce masa zauna, ina son zamanka.

Injin nan ya sha mini kai. Mijina ya ce ƙarfe in ya daɗe bai motsa ba cijewa yake yi, don haka ya kafa gwafa biyu gindin bishiyar bedin da ke tsakar gida, ya gitta itace, ya rataye injin, ya sa gangar ƙarfe a ƙarƙashi yadda farfelar za ta nutse cikin ruwa. Lokaci lokaci sai ya haɗa fetur, wanda mu muke kira isansi, da baƙin mai a kwalba, ya ɗura masa, ya naɗe igiya ya fizga. Kaji su watse, maƙwabta su leƙo ta kan danga suna dariya, wai jirgin gidanmu ya tashi, kowa ya kawo kayansa. Cika gangar kuwa aikina ne. Ni ke jan guga, ni ke ɗauko tulu, in zuba wa ƙarfe ruwan da ko tuwo ba zai tuƙa mini ba. In na yi gunaguni sai ya yi kamar bai ji ba.

Uwar mijina tana zaune tare da mu. Mutuniyar wajen Lugu ce, ba ta wasa da sha'anin iskoki. Ta ce doguwar gidan ba ta son wannan ruri, kuma abin da aka raba da ruwansa aka kawo tudu ba ya rasa fushi. Tana faɗin haka ne da sunan doguwa, amma ni na san ɗanta take so ya zauna. Shi kaɗai ya rage mata.

Da damina ta yi tsakiya kurkunu ya kama mijina a idon sawu. Wanda ya san ciwon ya san yadda yake kwantar da ƙato ana tsakiyar noma, ƙafa ta kumbura, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan don kada ta tsinke. A daidai lokacin injin ma ya fara gardama. A ja igiya ya yi tari ya yi shiru. Mijina ya ce buji ne suka yi baƙi.

Buji wani ɗan ƙarfe ne bai fi yatsa ba, rabinsa farin tangaran, ana murɗa shi a kan inji. Shi ne ƙyastun injin, a bakinsa wuta ke tartsatsi ta kama mai. Namu guda biyu yake ɗauka. In sun yi baƙi akan kankare su, a ɗan gasa bakin a wuta don man ya ƙone. Da yake mijina ba ya iya tsugunawa gaban murhu, sai ya kira maƙerin unguwarmu, abokinsa tun suna yara, ya ba shi su. Ya ja masa kunne ya gasa baki kawai, ya ajiye su huce da kansu.

Maƙerin nan ba wawa ba ne, babu wanda ya kai shi iya hauya a yankinmu. Amma damina ce, maƙera cike da manoma kowa da tasa karyayyar hauya, ana hira ana gardama. Ya kama bujin biyu da awartaki ya sa a wuta, yana ba wani amsa, da ya ga sun yi ja sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi tun yana ɗan zuga, ya tsoma su cikin kaskon ruwa. Shi da bakinsa ya ce sai da ya ji ƙarar ruwan sannan maganar mijina ta faɗo masa. Tangaran ɗin duka biyu ya tsage. Sabo turken wawa, in ji mutane, amma ni na ga yana ɗaure har mai wayo.

Ya zo gidanmu da su a tafin hannu, ya durƙusa bakin tabarma ya kasa ɗaga kai. Mijina ya jujjuya su, sannan ya ce masa ya tashi, ƙaddara ce. Ni kuwa na shige ɗaki na zauna bakin gado, zuciyata fari fat. Murna na yi, ba na ɓoyewa. Har fura na dama mai kyau na aika wa maƙerin, shi yana tsammani haƙuri nake ba shi.

Murnar ba ta yi nisa ba. Ana gobe kasuwar Dogon Dutsi, ina tace man gyaɗar da zan kai, mijina ya kira ni. Ya ce tunda zan shiga gari, akwai wani tsohon soja da ke sayar da tarkacen mota a rumfa kusa da tasha, in je wurinsa. Ya miƙo mini mataccen buji ɗaya ya ce in nuna, a gwada kauri da tsawon wuya. Sannan ya dube ni, abin da bai cika yi ba, ya ce:

"Magana guda kak ki mance. Ki ce na injin jirgi na, tsoho na, kuma isansi da baƙin mai haɗe shika sha. In ba ki hwaɗi hakan ga ba, na mota za shi ba ki."

Na ce to, na ƙulle shi a haɓar zane.

Da safe na aza tulun mai zan fita bakin hanya, uwar mijina ta biyo ni har ƙofar gida kamar za ta gyara mini gammo. Ashe ta ji komai. Ta rage murya ta ce:

"Ɗiyata, ƙarhe duk ƙarhe na. Wa ka ganin laihin mace in ba ta san ƙarhe ba? Ki amshi abin da anka miƙo miki, ki kama bakinki."

Ta juya ta koma ciki. A bayan motar da ta kwashe mu, mata suna ta hirar tsadar gishiri, ni maganar tsohuwa nake ta juyawa. Ba ta ce in yi ƙarya ba, ba ta ce in jefar da komai ba. Shiru kawai zan yi. In kawo abu mai kama da wanda aka aike ni, a murɗa ya ƙi tashi, a ce injin ne ya tsufa. Kafin ƙafa ta warke a sake wani aike, wataƙila zuciyarsa ta sanyaya, ya sayar da ƙarfen ya sayi saniya. Tun kafin dutsen garin ya bayyana daga nesa na riga na yanke shawara zan kama bakina.

Na sayar da maina da wuri, na nemi rumfar. Tsohon sojan yana zaune kan tayar mota, da wata tsohuwar rigar kaki da ta koɗe, gabansa tabarma shimfiɗe da ƙarafa iri iri. Na gaishe shi, na kwance haɓar zane na miƙa masa. Ya duba tsagewar ya tambaya wane mai basira ne ya yi wannan aiki. Na ce maƙeri. Ya yi dariya har da tari, ya ce ba shi ne na farko ba. Ya jawo wani kwali ya fito da sababbi biyu, farinsu kamar haƙoran yaro, ya kara su da nawa. Kauri ɗaya, wurin murɗawa ɗaya. Ya fara naɗe mini su a takarda.

Da na yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, da shi ke nan. Amma ni ƴar kasuwa ce, jikar ƴar kasuwa. Tun ina bin kakata ban taɓa sayen ko ludayi ba sai na ƙwanƙwasa shi na tambayi aibinsa. A garinmu an san ni, mai gyaɗa ba ya cusa mini ruɓaɓɓiya a ƙasan kwano. Ina kallon hannunsa yana naɗi sai na ji bakina ya ce:

"Baba, ba su da wani aibi?"

"Aibi? Babu, in motar lahiya take. Wace mota ta?"

Nan na tuna da maƙeri da kaskon ruwansa. Tambaya ce aka yi mini kai tsaye, shirun da na shirya kuwa ba ya amsa ta. Ko dai in ƙirƙiro motar da babu ita, ko in faɗi gaskiya. Na faɗa masa duk abin da mijina ya ce, kalma ba ta faɗi ƙasa ba.

Ya warware takardar ya mai da su kwali. Ya ce waɗannan masu sanyi ne, an yi su don injin da ke shan isansi tsantsa. A namu za su shiga su zauna daram, amma baƙin mai zai toshe musu baki nan da nan, a ja igiya har kafaɗa ta gaji. Tsohon inji mai shan haɗi sai buji mai zafi, wanda ke ƙone dattinsa da kansa. Ya shiga tonon wani gwangwani a can ƙuryar rumfa, ya daɗe, ya fito da guda uku. Ba su da kyan gani ko kaɗan, ƙarfensu ya dushe, tangaran ɗin ya yi kalar ƙwan zabo. Ya ce sun daɗe a wurinsa ba mai tambaya, don an bar yin irin injin. Ya goge su da gefen riga, ya nuna mini ɗan harshen da ke bakinsu da ratar da ke tsakani, ya ce kada ta wuce kaurin farce.

Ya jera mini su bisa tabarma, farare a dama, dusassu a hagu, ya ce in zaɓa, shi dai ya faɗi abin da ya sani. Na tsuguna ina kallonsu. Har yanzu hanya a buɗe take, tsohon ba ya zuwa garinmu, ba wanda zai ji. Amma da safe rashin sani zan fake da shi, yanzu kuwa na sani. Na yi ta ƙoƙarin ganin kaina ina miƙa wa mutumin nan, yana kwance da kumburarriyar ƙafa, abin da na san mugu ne, ina kallonsa yana jan igiya. Ban taɓa zuba masa tuwon da na san da tsakuwa a ciki ba. Na ji haushin tsohon soja, na ji haushin kakata da ta koya mini tambaya, na miƙa hannu na ɗauki biyu daga hagu.

Yana naɗewa ya ce, kamar da kansa yake magana, mai jirgin da ke da hankali ba ya rabuwa da na uku busasshe a aljihu, don buji ba ya sallama in zai mutu, kuma tsakiyar kogi ba wurin jan igiya ba ne. Na ce ya ba ni na ukun ma. Na ƙulle shi daban a ɗaya haɓar zanen. A lokacin ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Na iso gida da la'asar. Uwar mijina tana tsintar wake a bakin ɗakinta, ta ɗaga kai ta dube ni sau ɗaya. Ta ce, "Kin yi surutu," ta ci gaba da tsintarta.

Mijina ya karɓi biyun, ya daɗe yana kallonsu fiye da yadda ƙarfe ke bukata. Ya aika aka kira maƙeri, ya ce tunda shi ya kashe, shi zai ja igiya. Na cika ganga. Ya dogara sanda ya ɗingisa zuwa gindin bedi, ya fara kwantar da buji ɗaya jikin injin aka ja, muka ga wuta shuɗiya ta yi tsalle a ɗan bakin. Ya murɗa su duka biyu. Maƙeri ya tofa yawu a hannu ya fizga, bai kai ga maimaitawa da yawa ba injin ya ɗauka, da wata murya sumul da ban taɓa ji yana yi ba. Ruwa ya yi ta tafasa a ganga yana fantsama har kan danga.

Kowa injin yake kallo, ni mijina nake kallo. Ya saki sandar, ya kama hannun injin, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Idonsa ba ya kan ganga. Ya ɗaga haɓa yana hangen wani wuri can gaba da dangarmu, yana ɗan karkata hannu kamar mai kauce wa wani abu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Shekara da shekaru ina aure da mutumin nan, ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Ashe wanda ke dawo mini da damina rabin mutum ne, manomi mai haƙuri da ke jiran kaka. Cikakken yana can wurin da ban taɓa zuwa ba.

Da aka kashe inji mutane suka watse, ya koma tabarma, na kawo masa ruwa. Ya sha, bai dube ni ba ya ce:

"Direban da yak kawo ni duk kasuwa yana wucewa ta bakin hanyag ga. Da shi na aika, da ya kawo ba wata wahala. Ke ni aika don in ji. Da kin kawo na mota, kallo guda zan yi in gane. Da na jingine injin ga, ban sake aiken kowa ba."

Wato duk wannan wahalar da na sha a bayan mota da gaban tabarmar tsohon soja, tambaya ce aka yi mini, na kuma ba da amsar da ba ita ke raina ba. Raina ya ɓaci har na manta da kunya.

"Kai ba ka da baki, da za ka tambaye ni da ƙarhe?"

"Ke kina da shi?"

Na ɗauki kwano na tafi madafa, na hura wutar da ba ta mutu ba.

Daga ranar har kaka lokaci ne mai tsawo. Ƙafa ta warke, gero ya fid da kai, ya nuna, aka yanke. Ƙofa kuwa a buɗe ya bar mini ita, na san in na ce zauna zai zauna. Na sha shirya maganar ina daka, na sha shirya ta a bakin rijiya. Duk lokacin da ta zo bakina sai in ga mutumin nan tsaye da ƙafa ɗaya yana hangen bayan danga. Na san zai zauna, ya yi noma, ya yi kiwo, ba zai taɓa yi mini gori ba. Na kuma san ni zan riƙa kallonsa kullum ina sane da abin da na kashe. Uwarsa ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai ta daina ambaton doguwa.

Yanzu na tsufa, shi ya daɗe da rasuwa, kuma ba ruwa ne ya ci shi ba, a kan tabarmarsa ya cika. Har yau in na zauna ina tunani ban iya cewa daidai na yi ko kuskure. Ranin da na yi ni kaɗai bayan wannan ba ɗaya ba ne ba biyu ba, kuma babu wanda ya zo mini da sauƙi.

Ranar da zai koma Gaya bayan waccan kakar, da hantsi muka raka shi bakin hanya. An naɗe injin cikin buhuna an ɗora bisa motar gyaɗa. Yarinyar ta riƙe masa riga sai da kakarta ta ɓamɓare ta. Ya sa ƙafa zai hau, ya juyo ya tambaye ni ko ina da magana. Na kwance haɓar zanena, inda ƙullin ya daɗe har ya bar shaida a jikin yadin, na sa masa na ukun a hannu.

"Ka aje shi inda ruwa ba ya kai," na ce.

Ya buɗe hannu ya duba, ya rufe. Ya so ya yi magana, direba ya danna ƙaho. Ya jefa shi a aljihun ƙirji ya hau.

Na dawo gida na tarar da ganga cike gindin bedi, gwafa biyu tsaye ba komai a kansu. Ruwan da na yi ta mita a kansa ne, ga tumaki suna bukata, ga wanki ya taru. Na ɗauki tulu na wuce ta, na tafi rijiya na jawo wani.